Jerin Kiran Watan Fabrairu

Hanifa Maigandi ta shekara goma sha ɗaya a sashen adana bayanai na wata hukumar gwamnati mai kula da noman rani, a hedikwatarta da ke Birnin Kebbi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya damu da abin da take yi. Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye janareta. Takarda ta shigo ta rubuta, fayil ya fita ta rubuta. Ba a leƙo ta sai in takardar ɗaukar aikin wani ta ɓace, ko kuma fankar ofishinsa ta mutu yana neman inda zai sha iska.

Shekara biyu kafin wannan labari, hukumar ta raba wa malaman gona wayoyi da layuka, don manomi ya sami wanda zai kira idan tsutsa ta faɗa wa albasa ko injin ban ruwa ya tsaya. Gwamnati ce ke ɗauke da nauyin layukan. Saboda haka kowane farkon wata kamfanin waya yakan aiko da jeri: wane layi ya kira wace lamba, wace rana, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi ana magana. Jerin yakan zo a kulle cikin kwamfuta, kuma Hanifa kaɗai ke riƙe da lambar sirrin buɗe shi.

Tare da wayoyin aka kawo takardar ƙa'idoji mai shafi huɗu. Yawancin ma'aikata hannu kawai suka sa, ba su karanta ba. Hanifa kuwa ita ta buga ta, ita ta mayar da ita Hausa, har ta kusa haddace ta. Takardar ta yarda ma'aikaci ya ɗan kira gida da layin, muddin bai wuce mintocin da aka yanka masa ba. Ta ce ba a buɗe jerin kowa sai don binciken ɓarnar layi ko da umarnin kotu. Mai nema sai ya cika fom ya faɗi dalilinsa, a sanar da mai layin kwana bakwai kafin zama don ya kawo ƙorafi in yana da shi, sannan kwamitin mutum uku ya amince. In jeri ya cika wata shida, a goge shi.

A tsakiyar Fabrairu, wata Alhamis da la'asar, wani mutum ya buga waya a shirin manoma na wani gidan rediyo. Bai faɗi sunansa ba, muryar kuma ta fito a shaƙe kamar an rufe bakin wayar da ƙyalle, har ba a iya cewa namiji ne ko mace. Ya ce irin shinkafar da hukumar ta raba a Gulma bai tsiro ba, cikin ƙwaya goma da ƙyar uku suka fito. Ya ce ma'aikatan ofishin Argungu sun gwada irin tun kafin a raba, sun rubuta wa hedikwata cewa ya lalace, ba wanda ya ba su amsa. Har ranar da aka rubuta takardar ya ambata. Duk wanda ya ji ya san ɗan gida ne.

Mai kula da rabon iri shi ne mataimakin darakta, Alhaji Tamba. Aminin marigayi mahaifin Hanifa ne, shi ya riƙe takardunta ya zaga da su ofis-ofis har aka ɗauke ta aiki. Saura masa ƙasa da shekara ya yi ritaya, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa ya ci abin manomi ba.

Ranar Litinin ta farkon Maris ya aika ta zo.

"Zauna, ɗiyata. Ya ɗiyarki Aminatu, jikin ya sake ta?"

"Ta warke sarai, Baba. Ta koma makaranta."

"Madalla. Jerin Fabrairu ya iso?"

"Ya iso ranar Juma'a, ranka ya daɗe."

"To ki buga mini na mutanen Argungu, su tara ɗin nan. Ba duk watan nike so ba ma. Alhamis ɗin da anka yi shirin rediyo, daga ƙarhe huɗu zuwa biyar. Shi ke nan."

Tun ranar da Hanifa ta ji shirin ta san wani zai zo da wannan magana, amma ba ta so ya zama shi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, akwai fom da ake cikawa."

"Fom na baƙo ne. Ni da ke muna maganar fom?"

"Kuma sai an sanar da su, kwamiti ya zauna."

Alhaji Tamba ya cire tabarau ya aje a kan tebur. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi damun ta ke nan. "Hanifa, shekara talatin da huɗu ina aikin ga, ban taɓa kai mudu guda gidana ba. Yau a masallacin unguwa in na shiga sai a yi shiru. Takardar da ake hwaɗi, wallahi ban gan ta ba. In mutum na da ƙorahi, ƙohwata a buɗe take, mi zai kai shi rediyo? Ba korar shi za ni yi ba. So nike in dube shi ido da ido in tambaye shi mi na yi mishi."

"Na yarda da kai, Baba. Amma in na buɗe maka yau, gobe wani zai zo wanda bai kai ka gaskiya ba, kuma ba ni da sauran bakin hana shi."

"Ni da na kawo ki gidan ga?"

Ta zaro fom daga cikin fayil ɗin da ke hannunta, ta aje a gefen teburin da hannu biyu, ta ɗan rusuna ta fita. Bai amsa sallamarta ba.

Da ta koma ofishinta ta rufe ƙofa ta zauna gaban kwamfuta. Ga jerin nan a kulle. Lambar gidan rediyon kuwa ko yaran unguwa sun haddace ta, don kullum sai an rera ta a talla. Aikin minti ɗaya ne. Zuciyarta ta ce mata ai ba don ta tona za ta duba ba, don ta san wanda za ta kare ne. Ta kai hannu har ta buga haruffa biyu na lambar sirrin, sai ta tsaya. Ta san kanta: fuskarta ba ta iya ɓoye abu. In ta sani, ranar da Alhaji ya ambaci sunan a gabanta idonta zai ba shi amsa. Bayan haka ma, ita aka ce ta tsare ƙofa, ba a ce ta leƙa ɗakin ba. Ta goge haruffan ta kashe kwamfutar.

Kafin ta isa gida a Gesse, magana ta riga ta. Matar Alhaji ta kira mahaifiyarta, mahaifiyar kuma ta kira Hanifa tun tana cikin keke napep: "Ke, mi kika yi ma Alhaji? Mutumin da ya tsaya muna ranar da ubanki ya kwanta dama?" Hanifa ta yi ta ba da haƙuri har aka kashe waya.

Ta tarar da mijinta, Malam Aminullahi, malamin sakandare, yana wanke babur a tsakar gida. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya matse soson ya ce, "Kin san za su iya ɗauke ki daga wurin."

"Na sani."

"To in kin sani, ki tsaya da ƙahwa biyu. Abin da ba ni so shi ne ki ƙi yau, ki bayar jibi. Sai ki yi biyu babu."

Kwana goma Alhaji Tamba bai yi mata magana ba. A rana ta goma sha ɗaya sakatarensa ya kawo fom a cike. A gurbin dalili an rubuta: binciken ɓarnar layi. Hanifa ta karanta sau biyu, ta buga masa hatimi, ta shirya takardun sanarwa guda tara. Ƙa'ida ta ce a miƙa wa mai layi hannu da hannu, don haka ba ta ba direba ba. Washegari da safe ta shiga motar haya zuwa Argungu.

Zafin bazara ya fara kankama. Ta tagar mota tana hango fadama shar da shinkafa, injunan ban ruwa na ta ruri, amma nan da can akwai fangalai da suka zauna fayau, sai ciyawa. Wani dattijo da ke gefen direba ya nuna da baki ya ce waɗancan na masu irin gwamnati ne.

A ofishin Argungu ta tarar da su tara a kan benci ƙarƙashin dogon yaro. An gaisa sama-sama. Ta lura ba wanda ya ce ta zauna. Wadda ta fara magana ita ce Sharifa, malamar gona mai kula da yankin Gulma, wadda ta gwada irin ta kuma sa hannu a takardar gargaɗin. Kowa ita yake zargi.

"Ashe ke ce ke karanta muna kira kowane wata? Ai da kun hwaɗa muna tun hwarko, da mun aje muku wayoyinku."

Hanifa ta buɗe jaka ta fito da wani littafi mai baƙin bango. "Wanga shi ne rajistar buɗe jeri. Duk ranar da anka buɗe na wani, sai an rubuta suna da dalili, kwamfuta ma tana riƙe nata. Ku duba."

Littafin ya zaga hannu-hannu. Shafin farko kanun layuka ne kawai, ƙasansu babu ko ɗigo.

Daga nan ta tsaya a tsaye ta karanta musu shafi huɗun da Hausa, tana tsayawa tana bayani. Ta gaya musu an nemi jerinsu na Fabrairu, ta faɗi wanda ya nema da dalilin da ya rubuta, ta ce kowa na da kwana bakwai ya rubuta ƙorafi. Wani ya tura mata kujera.

Sharifa ta karɓi tata takardar ta ce, "Takardar gwaji ni na rubuta, da sunana da sa hannuna, ba ni ɓoyewa. Maganar rediyo kuwa ba ni rantse ma kowa, ko ni ce ko ba ni ba ce. In na rantse na hita, saura takwas sun shiga uku."

Bayan azahar Hanifa na shirin tafiya, sai Malam Kalilu, dattijon cikinsu, ya biyo ta bayan sito. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Malama, ni ban kira rediyo ba. Amma in anka buɗe nawa, na kaɗe."

Ya gaya mata babban ɗansa, Hodi, ya faɗa shan ƙwaya, har abin ya taɓa masa kai. Wata huɗu ke nan yana kwance a wani asibiti a wata jiha. A gari an ce ya tafi karatu, ko ƙannensa haka suka sani. Kowace Talata da Juma'a Malam Kalilu kan kira ɗakin da yake da layin ofis, don shi ke da sabis mai kyau a gona, ya ji ko yaron ya ci abinci. Likita ya ce yana samun sauƙi, zai iya dawowa ya kama sana'a kamar kowa.

"In ya dawo ya iske gari ya sani, wa zai ba shi aiki, wa zai ba shi ɗiya? Kin san hedikwatarku. Abin da mutum ukku sunka gani can, kasuwar Argungu ta ji shi kahin Juma'a."

Hanifa ta ce, "Baba Kalilu, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni ban ji komai ba. Kuma ƙa'ida ba ta ce ka faɗi wa kake kira ba. Ka rubuta kawai cewa akwai kiran iyali a layinka, wanda doka ta yarda da shi, ba ka amince a buɗe ba."

Har ta kai bakin titi sai wani tunani ya tsayar da ita. In Malam Kalilu kaɗai ya yi ƙorafi, ai ya nuna kansa da yatsa, za a ce shi ne mai rediyo. Ta juyo ta koma ƙarƙashin dogon yaron, ta ce musu ta manta abu ɗaya: ƙorafi haƙƙin kowa ne, ba sai mai abin ɓoyewa ba, kuma rubutun layi biyu ya isa. Sharifa ta dube ta, ta dubi sauran, ta yago takarda daga littafinta ta fara rabawa. Hanifa ta koma Birnin Kebbi da ƙorafi tara, kalmominsu iri ɗaya.

Cikin kwana bakwai ɗin nan wani abu ya riƙa cin ta. Alhaji ya rantse bai ga takardar gargaɗin ba, ita kuma ta yarda da shi. Sharifa ta ce ta aiko, ita ma ta yarda da ita. To ina takardar ta shiga? Duk takardar da ta shigo hukumar ta sashenta take bi. Ta ɗauko rajistar shigowar wasiƙu ta watan Disamba ta bi layi-layi, ta same ta: ta iso ranar sha tara ga wata. A gefe an rubuta lambar fayil ɗin da aka sa ta. Ba fayil ɗin iri ba ne, na gyaran injuna ne, wanda ba a buɗe shi sai shekara-shekara. Rubutun kuwa nata ne.

Ta tuna ranar. Aminatu na kwance a asibiti da zazzaɓi, ita kuma ta leƙo ofis na sa'a guda don ta rage wasiƙu, hankalinta na can. Ta ɗauko fayil ɗin gyaran injuna daga saman kanta, ta buɗe. Ga takardar nan fes, ba wanda ya taɓa ta, da sa hannun Sharifa da kalmar gaggawa an ja mata layi biyu.

Ta daɗe zaune da takardar a cinyarta. Fangalan nan da ta hango fayau a hanyar Argungu suka dawo mata a ido. Ba wanda ya san ta duba. Tana iya mayar da fayil ɗin saman kanta, ya ƙara shekara a can. Amma kuwa Alhaji zai ci gaba da neman maƙiyin da ba shi da shi, mutum tara kuma su ci gaba da kwana da zargi. Ta kai takardar wurin injin kwafi ta yi guda biyar.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba da hantsi. Shugabansa Malam Riskuwa ne, daraktan mulki, mutum mai gudun rigima kamar ruwan zafi. Sai Mista Azubuike, shugaban sashen bincike, haifaffen Birnin Kebbi wanda mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da kayan mota a tsohuwar kasuwa, Hausa a bakinsa kamar ta Bakabe. Na ukun wakilin ƙungiyar ma'aikata ne. Hanifa ce mai rubuta bayanin zama, ba ta da ƙuri'a. Alhaji Tamba ya zauna a gefe a matsayin mai nema.

Azubuike ya tambayi Hanifa ko akwai layin da ya wuce mintocinsa. Ta miƙa takardar jimilla wadda kamfani ke aikowa a buɗe, mai nuna mintocin kowane layi ba tare da lambobin da aka kira ba. Ba wanda ya wuce.

"To Alhaji, ina ɓarnar?" in ji Azubuike. "In ɓarna kake nema, ga amsa, babu. In wani abu ne daban, ba shi ka rubuta a fom ba, kuma ba ya cikin abin da anka yarda muna."

Wakilin ƙungiya ya gyara zama ya ce shi a ganinsa mai gaskiya ba ya tsoron bincike, a buɗe kowa ya huta. Ɗaya da ɗaya ke nan. Duk ido ya koma kan Malam Riskuwa, wanda ya shiga goge gumi yana cewa ko za a ɗage zaman a sasanta a gida.

Hanifa ta nemi izinin magana. Ta ce ƙa'ida ta wajabta mata ta rubuta sunan duk wanda ya amince a buɗe, da dalilinsa, a kuma aika wa kowane mai layi kwafi. Malam Riskuwa ya ce ta karanta wurin. Ta karanta. Sannan ta ce, "Akwai kuma wani abu, ranka ya daɗe."

Ta raba kwafin takardar gargaɗin, ta buɗe rajistar Disamba ta aje a tsakiyar tebur.

"Alhaji ya yi gaskiya, bai ga takardar ga ba. Mutanen Argungu ma sun yi gaskiya, sun aiko. Ni na sa ta a fayil ɗin da ba nata ba. Ga rubutuna nan. In ana neman wanda ya ja abin ga, ba sai an buɗe wayar kowa ba."

Alhaji Tamba ya sa tabarau ya karanta takardar har ƙasa, ya dubi rajistar, ya dubi Hanifa. Ya miƙe ya fita.

Malam Riskuwa ya sauke numfashi ya ce shi bai ga hujjar buɗewa ba. Biyu da ɗaya, aka ƙi buƙatar.

Takardar tuhuma ta same ta ranar Juma'a. Ta amsa ta a shafi guda, ba ta kawo rashin lafiyar ɗiyarta a matsayin uzuri ba. Bayan mako biyu aka ba ta gargaɗi a rubuce, aka kuma mayar da ita ofishin Argungu. Wasu suka ce hukuncin sakaci ne, wasu suka ce na taurin kai ne. Ita dai ta san duka biyun na ciki, kuma na farkon ta cancance shi.

Abin da ya dame ta shi ne jerin Fabrairu, don sai ƙarshen Agusta zai cika wata shida, kuma wanda aka naɗa a gurbinta, Malam Ja'afar, mutum ne da ba ya iya ce wa babba a'a. Kafin ta miƙa aiki sai ta rubuta shawara cewa a raba lambar sirri gida biyu, rabi wurin mai adana bayanai, rabi wurin shugaban sashen bincike, don kada nauyin ya zauna kan mutum ɗaya. Sau uku tana zuwa ofishin Malam Riskuwa yana cewa ta dawo gobe. A rana ta huɗu ta zauna a benci a ƙofarsa tun safe har azahar. Da ya fito zai tafi masallaci ya gan ta, ya girgiza kai ya karɓi biro. Ja'afar ma da ya ji, sai da ya yi mata godiya a ɓoye.

Zaman Argungu bai zo mata da sauƙi ba. Kullum sai ta fito daga Gesse da sassafe ta kama mota, ta dawo gab da magariba a gajiye. Makonta na farko ta roƙi Sharifa ta kai ta Gulma. A gaban manoman da suka yi asara ta tsaya ta faɗi abin da ta yi. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wani kuwa ya ce mata haƙuri ba ya cika rumbu, ya tashi ya bar wurin. Ta haɗiye. Ita ta bi gida-gida ta rubuta sunayen waɗanda irinsu bai tsiro ba, ta yi ta bibiyar takardar har hukumar ta yarda a sa su gaba a rabon irin damina.

Ranar ƙarshe ta Agusta Azubuike ya kira ta ya ce an goge jerin Fabrairu a gaban kwamiti, rajistar buɗewa kuma tana nan babu ko layi ɗaya.

Ba ta sake haɗuwa da Alhaji Tamba ba sai cikin Nuwamba, da ya zo Gulma duba sabon irin rani. Bayan an gama jawabi jama'a sun watse, ya hango ta tana naɗe tabarmi, ya tako ya tsaya kusa da ita. Ta rusuna ta gaishe shi. Wannan karon ya amsa.

"Ya hanyar? Tana wahal da ke?"

"An saba, Baba."

Ya kalli fadama. "Har yanzu ina son in san ko wane ne."

"Na sani."

"Ke kin duba, ko? Yanzu ai an goge, ba abin da za ni iya yi. Ki hwaɗa mini gaskiya, kin duba?"

"Ban duba ba, Baba."

"Ko sau guda?"

"Na kusa, sau guda. Ban ƙarasa ba."

Ya dube ta tsawon lokaci, ba ta iya gane ko ya yarda ba. Daga baya ya ce ta gai da mahaifiyarta, ya nufi mota.

Ya yi ritaya a watan Janairu. Hanifa ta je walimar sallamarsa, ta zauna a layin baya tare da mutanen Argungu, aka ci shinkafa aka yi addu'a aka watse. Ba a mayar da ita hedikwata ba, ita ma ba ta nema ba tukuna. A makon da ya biyo baya hukumar ta ɗauki sababbin malaman gona goma sha biyu, aka aiko da wayoyinsu a kwali, da umarnin a raba a sa hannu a dawo da takardu kafin la'asar. Hanifa ta sa aka jera musu benci, ta kulle kwalin a ofis, ta ce ba mai taɓa waya sai an karanta ƙa'idojin tare an yi tambayoyi. Direban hedikwata ya yi ta danna oda a bakin ƙofa, ta aika masa da ruwan sanyi ta ce ya jira.